Baba Mai Gam da Jiran Sholisho

A bakin titi, ƙarƙashin wata rumfar kwano, Baba Mai Gam ya tsufa yana haɗa abin da ya rabu. Gwangwanayensa na jere a kan benci, kowanne da aikinsa. Farin gam na katako ne, sai an ɗaure ya kwana. Ƙaramin nan mai kamawa nan take na kofin tangaran ne, shi ya cinye masa zanen yatsu har wayarsa ta daina gane shi. Sholisho kuwa, na roba da fata, shi ne ɗan lelensa.

Yakan shafa wa tafin takalmi, ya shafa wa saman, ya ajiye su daban-daban ya kama hira. In mai takalmi ya ƙosa ya ce, "Baba, manna mana, sauri nake!" sai ya ce, "In manna da danshi, gobe ka dawo kana zagina? Bari su sha iska." Sai ya taɓa ya ji ba ya kama yatsa, sannan ya haɗa ya bi da guduma.

Matarsa ta fi kowa riƙe wannan ƙa'ida. Duk ranar da suka saɓa, ya taso da zafinsa zai ba da haƙuri, sai ta ɗaga hannu. "Malam, da sauran danshi. Jeka rumfa tukuna."

Haka zai fita yana ƙunƙuni, da yamma ya dawo ya tarar ta matsa masa wuri a tabarma. Ga su nan har da jikoki, haɗin ko gefe bai ɗaga ba.