Maman Ƙarfe Huɗu

Yawancin ma'aikatan asibitin unguwarmu ba su san sunan kakata ba. Maman Ƙarfe Huɗu suke ce mata, domin shekara ashirin da shida, da zarar an buɗe ƙofa ga masu dubiya da ƙarfe huɗu na yamma, ita ce a gaban layi. Ba ta da kowa a kwance. Ba wanda ya ɗauke ta aiki, ba kuma wanda ya aike ta.

Ba ta faɗawa ɗakin mata kai tsaye. Sai ta raɓe a bakin ƙofa, ta bar jama'a su gama shiga da kuloli da ledoji, kowa ya nufi nasa. In an natsa, sai ta bi gadajen da ido. Duk gadon da ba wanda ya nufa, wannan nata ne. Ba ta tambayar ciwo, ba ta wa'azi. Ta zauna ta taje wa mace kai, ta yanke mata farce, ta saurari labarin ɗan da ya ce yana nan tafe. Sau ɗaya na raka ta, na ga wata mata da ta kwana uku ba ta ce wa likita uffan ba, ta riƙe hannun Kaka tana dariya har da hawaye. Har yau ban san abin da ta faɗa mata ba.

Kada a ɗauka gida ta yasar. 'Ya'ya bakwai ta raina da keken ɗinki bayan rasuwar mijinta, mu jikoki kuwa ba wanda bai yi barci a bayanta ba. Ta san wanda ba ya cin albasa, ta san wanda ke ƙyafta ido in zai yi ƙarya. Amma uku da rabi na yi, ko a tsakiyar magana kake, sai ta jawo takalmi. Ni kam abin na ba ni haushi.

"Kaka, wai mu ba mutane ba ne?" na ce mata wata rana.

"Ke kina da uwa, ga baki kamar rediyo," ta ce. "Matsa min in wuce."

Tana da shekara tamanin da ɗaya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, ya tafi da hannunta na dama da maganarta. Aka kwantar da ita a wannan ɗakin matan dai. Kawu, babban ɗanta, ya shigo ya ga gado ashirin, ga tari ga nishi, ya ce uwarsa ba za ta kwana a kasuwa ba. Kafin yamma an mayar da ita ɗaki na musamman mai labule da talabijin. Duk muka yaba masa, har da ni.

A wannan ɗakin Kaka ta daina cin abinci. Mama ta kawo cokali, ta datse baki. Gwaggo ta yi lallashi, ta yi kuka, a banza. A rana ta uku likita ya ce jikinta ya fara yin ƙasa, in aka ci gaba a haka ba ya ba mu tabbacin mako. Mu goma sha biyu muna kewaye da gado, ita kuwa ta kafa wa ƙofa ido. Kawu ya ce iska take so. Mama ta ce gida take son komawa.

Wata tsohuwar nas ce ta leƙo, ta dubi agogon hannunta, ta dube mu.

"Wai ba ku lura da ƙarfe huɗu take fara wannan kallon ba? Ku goma sha biyu a kan mutum ɗaya, alhali can ciki akwai mata biyar da ko sannu ba a zo an yi musu ba. Ya za ta ci?"

Kawu ya fita neman likita. Washegari aka gangara da ita ɗakin jama'a.

Huɗu na yi ta ɗaga hannun hagu da ƙyar. Ta nuna Gwaggo, ta nuna gadon jikin bango. Ta nuna Mama, ta nuna na kusa da taga. Haka ta raba mu ɗaya bayan ɗaya, ba kalma ko guda. Kawu kuwa ƙofa ta nuna masa.

"Ɗakin maza take nufi, Alhaji," in ji nas ɗin. Mutumin da ma'aikata arba'in ke rawar jiki a gabansa ya tattara riga ya fita sumsum.

Sai da ta ga kowa ya zauna sannan ta buɗe baki. Ta shanye kofin shayi, ta ci rabin ayaba. Na tsaya ina kallonta. Mace ba baki, ba hannu, ba ƙafa, amma ta cika ɗaki da masu dubiya. Ban taɓa ganin ƙarfi irin wannan ba, ban kuma sake gani ba.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka. A na ƙarshe ina gado na uku daga nata, ina ba wata tsohuwa makauniya ruwa da cokali. Na waiga na ga nas ɗin tsaye a kan Kaka, ta daɗe riƙe da wuyan hannunta, sannan ta shafa mata ido. Dukanmu muna cikin ginin, ba ko ɗaya a gefenta. Na miƙe raina na tafasa, ban ma san da wa nake fushi ba.

"'Yata," makauniyar ta kira daga bayana, tana lalube, "ina kika tafi? Ban ƙoshi ba."

Na koma na ɗauki cokalin.