Rabon Ɓarawo

Mahaifina fatauci yake yi na awaki, daga ƙauyenmu na wajen Gwiwa zuwa kasuwar Babura, wani lokaci har bakin iyaka. Kuɗinsa na gaske a lalita suke zama, ɗaure a ƙugu ƙarƙashin taguwa. A aljihun gefe kuwa, inda hannun kowa ke kaiwa, yakan saka wani tsohon alabe na jar fata, ya bar bakinsa yana leƙowa. Shi yake kira rabon ɓarawo.

"In ɓarawo ya laluba bai ji komai ba, ci gaba zai yi da lalube," haka yake ce mana. "Ka ba shi abin da zai gudu da shi."

A cikin alaben akwai tsofaffin takardun sefa, kuɗin Nijar, da aka daina karɓa, da guntayen jarida da ya yanke daidai girman kuɗi, da wani katin 'yan kasuwar dabbobi mai hotonsa. Wai katin ne zai sa ɓarawo ya yarda alaben gaske ya samu. Mun sha yi masa dariya, don shekara da shekaru ba wanda ya kula shi. Inna, mahaifiyarmu, takan ce ɓarayin ma sun raina shi.

Hoton katin nan shi kaɗai ne hoton Baba. Mutum ne da ba ya son hoto. Da ka ɗaga waya sai ya tare fuska da hula.

Bayan rasuwarsa, da Inna ta fita takaba, na zo daga Roni inda nake koyarwa. Ta ciro alaben daga ƙarƙashin matashinta ta miƙa mini.

"Ka kai Kazaure a wanko mini hoton nan babba," ta ce. "Idona ya daina ganin ƙanana. Fuskar Malam ta fara ɓace mini."

Ta haɗa mini da lalitarsa. Na zuba kuɗin maganinta a ciki, na ɗaura a ƙugu. Alaben kuma sai hannuna ya kai shi aljihun gefe, inda na tashi na ga ana kai shi, har da barin bakinsa a waje. Inna ta yi murmushi ta ce, "Sak shi." Daɗin maganar nan ne ya ɗauke mini hankali. Ga waya a hannuna, ban ɗauki hoton katin ba. Ga lalita mai ɗaukar kati goma, ban mayar da shi ciki ba. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane lura!

A tashar Kazaure muka sauka cikin turmutsutsu, 'yan acaɓa na jan hannun riga, masu adaidaita na kira. Wani ya bangaje ni ya ce, "Afuwan, Malam." Ni ma na ce masa ba komai.

Sai a shagon mai hoto na sa hannu a aljihu na ji wayam. Abin da nake jin kunyarsa har yau shi ne ƙuguna na fara shafawa. Na ji lalita tana nan, na ce alhamdu lillahi. Mai hoton ya ce, "To ina hoton, Malam?" A nan na tuna katin a cikin alaben yake.

Na koma tasha a guje. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce in duba bayan tasha, can ɓarayi suke yar da abin da ba su so. Na bi kwata ina tona shara da tsinke, da farar rigata, mutane na kallo. Na samu guntayen jaridar a watse, na gane yankan almakashin Baba. Ban ga alabe ba, ban ga kati ba. Na zauna a bakin kwatar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Sai bayan la'asar na isa gida. Inna ta share bangon ɗakinta, ta sa an kafa ƙusa daidai inda take kallo in ta kwanta. Na durƙusa na faɗa mata komai, na ajiye guntayen jaridar a gabanta.

Ta daɗe tana shafa su da yatsa. Can ta ce, "Kuɗin fa?"

"Suna nan, Inna."

"To, ai ya yi aikinsa. Da Malam na nan da ya ƙure mu da dariya."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ƙusar tana nan a bangon. Ƙanwata ta taɓa rataya carbi a jiki, Inna ta ce a cire, wurin da mai shi.