Kalkuletar Yaya Nasiru

Ranar wata Lahadi, cikin daminar da nake aji shida na firamare, Kawu ya dawo daga Konni da wata ƙatuwar kalkuleta mai allo da ya tsinto cikin kayan gwanjo, ya miƙa wa yayana Nasiru da ke kwance a gindin darbejiyar tsakar gidanmu. Yaya Nasiru yana fama da sikila. Ba ya bin Baba gonarmu ta Tozai, ba ya buga ƙwallo, amma duk makarantarsu babu mai kamo shi a lissafi.

A lokacin, ni da ƙannena biyu kwabon sefa, kuɗin Nijar, muke jefawa sama don a san wanda zai ɗebo ruwa ko ya kai awaki kiwo. Kafin a yanke gero, Yaya ya koya wa na'urar yin jifar da kanta. Yana dannawa sai ta nuna gaba ko baya, ta zana sanduna biyu a allonta. Ranar da aikin ɗebo ruwa ya faɗo kaina sau uku a jere na ce na'urar maguɗi take yi. Sai ya sa ta jefa sau dubu, muka zuba ido sandunan suna hawa har suka kusa daidaita.

Wata rana ya dawo makaranta jikinsa a sanyaye. Malaminsu ya ce idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar sikila, kamar a jefa kwabo biyu ne, sau ɗaya cikin huɗu ciwon ke faɗa wa yaro. Na ƙirga mu, mu huɗu ne cif. Na fashe da kuka, ina ganin shi ya ɗauke mana.

"Mi kike ma kuka, Hadiza?" ya ce. "Ban ɗauke ma kowa komi ba. Kwabo bai tuna jifar da anka yi jiya. Kowace haihuwa sabuwar jifa ce."

Yana faɗa yana kallon Inna da ke surfe da tsohon ciki. Sai daga baya na gane ba kansa yake ji ba. Ya daina jefa mana kwabon aiki, sai dai in an idar da salla in ji yana roƙon Allah Ya raba jaririn da ciwonsa.

Sanyi na shigowa ciwon ya tashi, aka kai shi asibiti Sakkwato, bai dawo ba. Bayan sadakar arba'in Inna ta haifi Bashir. Da aka gwada jininsa, lafiya lau.

Yau Bashir ƙato ne, yana ɗaukar buhun albasa shi kaɗai, matasan garinmu Illela kuma sai sun yi gwajin jini kafin aure. Nakan dube shi yana dariya a zaure, bai taɓa ganin wanda ya fi kowa jin tsoro dominsa ba. Na so a ce Yaya ya ji sakamakon nan da kunnensa.