Kwandon da Ya Faɗi Gaskiya da Keken Wibin Ɗina

A Tsaskiya na tashi, a gidan da jikoki suka fi kaji yawa. Lokacin sanyi, da an sallame isha'i, sai mu yi tsere zuwa ɗakin Iya, kakarmu ta wajen uba, Allah Ya ji ƙanta. Tana da wani tsohon kasko mai ɓallen baki da take hura wuta a ciki, ta binne mana dankali a toka. Hannunta ba ya zama banza. Tana magana tana saƙa faifai, kaba a cinya, wata a baki. In ta ga mun gama ture-turen wurin zama, sai ta ce, "To, tatsuniyar da nake jira ta iso. Mai barci shi fita tun yanzu, ba ni maimaitawa."

Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini. Guda ɗaya ce ta ƙi tafiya, ita ce kuwa wadda ta fi ba ni haushi ina yarinya.

Wai wata yarinya ce, Tabawa, uwarta ta aike ta kasuwa sayen kwando. Wakensu ya bushe a gona, ga shi an kusa sakin shanu su ci karmami, dole a kwashe shi da wuri. Tabawa ta tarar da kwanduna biyu, kuma kwandunan wancan zamani suna magana. Na farko ja ne jawur, an kawo shi daga wani gari mai nisa, an saƙa shi da wata ciyawa mai sheƙi. Ya ce, "Ɗauke ni, 'yan mata. Ni ba na ɓallewa har abada." Na biyu na kaba ne, fari fat, ba ado. Ya ce, "Ni kam ina ɓallewa. Amma kabar da aka saƙa ni da ita tana nan bayan gidanku."

Tabawa ta yi tsaki, ta ɗauki jan. Tana tsakiyar jigila bakinsa ya fashe, wake ya watse. Ta bi gida gida tana neman irin ciyawarsa a ɗaure mata, kowa ya juya shi ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Kafin ta komo gona, shanu sun shiga.

Nan nake tashi tsaye. "Iya, ai ba laifinta ba ne! Shi ya yi mata ƙarya!"

"Zauna, sarkin gardama," in ji Iya, ko ɗagowa ba ta yi. "Shi ya yi ƙarya, ita ta rasa wake. Ke da mi za ki yi miya, da gaskiyar taki?"

Kowa ya kwashe da dariya, ni kuwa na kumbura baki har dankalina ya huce.

Yanzu ina aure a Batsari, ina ɗinki a cikin gida. Mata sun san ni da abu ɗaya: in ka juya rigar da na ɗinka, cikinta tsaf yake kamar wajenta. Keken wibin ne ke yi mini wannan, shi ke datse bakin yadi ya ɗaure shi da zare don kada ya zazzage. Wanda nake da shi fari ne mai kyau, yayana ya aiko mini daga Abuja. Bara, azumi ya raba tsakiya, kayan Sallar mutane sun cika mini gado, sai na ji ƙaras! Ya tsaya cik. Malam Idi mai gyaran keke ya buɗe shi, ya nuna mini wani ɗan haƙori na roba da ya dare biyu. Ya ce, "Hajiya, wannan ko Katsina ba ki samunsa."

Wallahi na yi kuka. Akwai leshin amarya a cikin kayan, akwai atamfar wata tsohuwa da ta ce mini ita ce sabuwarta ta farko tun rasuwar mijinta. Maigidana, malamin firamare ne, ya ce cikin lallashi, "Ko ki mayar musu tun da sauran lokaci, su kai wani wuri?"

Na ce, "Malam, wane tela zai karɓi ɗinki yanzu? Ni suka ba amana. Ko ɗankwali ba zan mayar ba."

Washegari ya raka ni Katsina, da azumi a bakinmu da ɗan abin da na tara, wanda bai taka kara ya karya ba. Shagon farko, mai shagon ya yaye leda, sai ga wani fari sol, mai zare huɗu, har da 'yar fitila. Kuɗinsa ma bai fi ƙarfina ba. Ya kunna, ya zura ƙyalle, ɗinki ya fito kamar zane. Kai, zuciyata ta tafi!

"Alhaji, in ya lalace fa?"

"Haba Hajiya! Wannan ba ya lalacewa."

Sai na ji ƙamshin dankali a toka. Na rantse har muryar Iya na ji. Dariya ta kuɓuce mini a tsakiyar shago, maigidana ya dube ni ko azumi ne ya taɓa ni.

A can ƙurya na hango wani, na ƙarfe, kore, na hannu, fentinsa duk ya goge. Zare uku ne kawai, ga nauyi kamar dutsen niƙa. Na tambaya, Alhaji ya ce da ƙyar, "Wancan tsohon yayi ne. Wuƙarsa na dakushewa, bel ɗinsa na tsinkewa." Na kira Malam Idi a waya na kwatanta masa. Ya ce irinsa ne a hannun telolin kasuwar Batsari, allurarsa da wuƙarsa duk suna cikin akwatinsa. Ya ƙara da cewa zai ɗora mini shi a kan teburin keken ƙafa, ko an ɗauke wuta in ci gaba da aiki.

Na sa aka zura masa guntun leshi da na zo da shi a jaka, na ja bakin da ƙarfi, bai zazzage ba. Na sake duban farin nan sau ɗaya, don ba zan ɓoye ba, ina son shi. Na ce a ɗaure mini koren.

Koren keken kuwa ya cika alkawarinsa. Jajibirin Sallah da hantsi, saura atamfar tsohuwar nan kaɗai, bel ya tsinke fat. Ban ko tashi daga kujera ba, na aika wa Malam Idi. Kafin azahar ya sa sabo, kafin la'asar tsohuwa ta zo. Ta juya rigar ciki waje, ta bi bakin ɗinkin da yatsa, ta rungume ta a ƙirji tana sa mini albarka.

Da ina yarinya na ɗauka Iya tana hana mu son abu mai kyau ne. Ashe ba haka ba ne, ita ma faifanta har rini take yi masa. Abin da take nufi, duk abin da hannu ya yi zai lalace, sai dai ka tambayi inda maganinsa yake kafin ka kai shi gida. Har yau in bel ya tsinke ba na jin haushi. Nakan dafa kan keken in ce, "Ai ka faɗa mini tun a shago." Iya, na zauna, na daina gardama. Waken nan dai ban bar wa shanu ba.