Shekarar da Muka Yi Kiwon Rina

A shekararmu ta biyu a Doguwa maigidana ya fara kiwon rina. Malamin aikin gona ne a sakandare. Da aka yi masa canjin wurin aiki daga Bebeji, muka kwashe komatsanmu da 'ya'yanmu biyu muka koma can gindin duwatsu. Gidan da muka kama yana da fili a baya, shi ya shuka masara, ni kuma na zuba kajin ƙwai.

A daminar nan tsutsa ta sauka wa masarar. Wata safiya ya shigo daga bayan gida baki har kunne, ya ce ya ga rina ta dira kan ganye, ta kama tsutsa, ta dunƙule ta kamar fura, ta tashi da ita.

Na ce, "To, sai me?"

"Sai me? Ai 'yan ƙwadago ne na kyauta. Kiwonsu zan yi, in ga yadda suke zamansu."

"Haba Malam! Masu kiwon ƙudan zuma suna lasar zuma. Rina me za ta ba mu in ban da kumburi?"

Bai ko saurare ni ba. Ya sa kafinta ya haɗa masa keji kamar na zomo, aka zagaye shi da ragar taga, aka yi masa 'yar ƙofa a gefe. Akwai wani ɗan gidan rina a ƙarƙashin rufin ɗakin kajina, bai fi tafin hannun jariri ba, rina biyar ko shida ne a kansa. Da sassafe, tun sanyi bai sake su ba, ya lulluɓe kansa da gyalena, ya kifa musu roba, ya yanke silin da gidan ke rataye da shi. Duk da haka ɗaya ta same shi a leɓen sama. Haka ya tafi makaranta da baki kamar na agwagwa. Da ya dawo ya ce ɗalibai ba su taɓa zuba masa ido kamar ranar ba.

Ya manna gidan a rufin kejin, ya riƙa ba su ruwan sukari a murfin kwalba, da nunanniyar gwanda, da tsutsar da yake tsinkowa daga masara. Suna ci, amma gidan ya ƙi ƙaruwa. A nan ya yi mini bayani cewa rina ba da laka take gini ba irin na zanzaro. Itace take kankara, ta tauna da yawu har ya zama takarda, sannan ta shimfiɗa. To kejin an shafe shi da fenti, babu abin da za su kankara.

Sai ya jera musu kaya kamar mai talla: tsohuwar jarida, farar takardar rubutu, karan dawa, guntun sabon katako, har da shafin kalanda mai sheƙi. Ya ɗauko kujera da littafi ya zauna. Su zo su taka, su shinshina, su koma. Kalandar nan ko kallo ba ta ishe su ba.

Akwai wata dattijuwar Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugarsu, Goggo muke ce mata. Ran nan bayan mun gaisa ta hango kejin, ta ce, "Wannan kuma me aka ɗaure a ciki?"

Na ce rina ne. Sai da ta sauke ƙwaryarta ƙasa don kada dariya ta sa nonon ya zube. Da ta ji damuwar Malam, ta share hawaye da bakin zane ta ce, "Ɗana, ai ba sa taɓa sabon itace. Sai wanda rana ta daka, ruwa ya daka, har ya yi toka-toka. A turakun shanunmu suke yini."

Washegari ta zo da guntun tsohon turke a kan faifan ƙwaryarta. Aka sa shi a keji, kafin azahar rinar sun far masa. In gida ya yi shiru kana jin ƙarar kankararsu, ƙar-ƙar-ƙar. Cikin mako guda gidan ya ƙaru da ɗakuna, masu launin toka kamar turken. Malam ya tsaya a kan cewa daga ranar Goggo ce malamarsa.

Wata rana yana makaranta na ga ragar ta ɓalle daga ƙusa a kusurwa, ta bar 'yar kafa. Ga kuma yara a gida. Na duba ban ga komai kusa ba sai kiret ɗin ƙwai, irin na kwali mai taushi, shuɗi, da nake sarowa a kasuwar Tudun Wada. Na yago guntu na cusa a kafar, na ci gaba da aikina, na manta.

Bayan kwana huɗu na ji yana ƙwala mini kira. "Zo ki ga ikon Allah!"

Gefen gidan rinar ya yi ratsin shuɗi, tsaf kamar bakin zane. Malam ya rikice. Ya ce ko gwandar ce, ko wata cuta ce, ko kuma wani irin rina ne da ba a taɓa rubutawa a littafi ba. Ya ɗauki hoto a waya, ya kira abokin aikinsa malamin kimiyya, suka durƙusa gaban keji suna ta muhawara. Ni kuwa kallo ɗaya na yi wa launin na gane daga inda ya fito. Gaskiya zan faɗa, na yi shiru kwana biyu, don daɗin kallon nasa nake ji.

Abin da ban lissafa ba shi ne, duk abin da suka ɗora a gidan daga toshiyata suka cire shi. Ran nan da la'asar maƙwabciyata tana yi mini kitso a tsakar gida, sai muka ji ƙugi a kanmu. Sun cinye kwalin, sun fito. Maƙwabciyar nan ta yar da matsefi, ta bar takalmanta, ta bar ni da rabin kai a tsefe. Na kwashe yara muka shige ɗaki, ina leƙe ta taga. Ba su kula kowa ba. Gonar masara suka nufa, kafin magariba kuma suka dawo ɗaya bayan ɗaya ta kafar nan, wasu ɗauke da dunƙulen tsutsa za su kai wa 'ya'yansu.

Da Malam ya dawo na faɗa masa komai. Ya dubi kafar, ya dubi yagaggen kiret ɗin, ya dubi kaina, ya zauna a kan turmi yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ashe ke ce mai rinin! Ni kuwa har na fara rubuta wasiƙa zuwa jami'a."

Daga nan abin ya zama namu mu biyu. Ya ƙara keji biyu. Ni kuma in na je saro kiret sai in zaɓo launi-launi, kore da ruwan hoda da ruwan ƙwai. Na lura sun fi son kwalin in an yayyafa masa ruwa. Duk Juma'a mu canja musu launi, gidan ya riƙa fitowa da ratsi kamar tabarmar kaba. Amma 'yan keji na uku suka ƙi, ko me muka ba su sai turken Goggo. Su ne Malam ke kira 'yan mazan jiya. Mutanen unguwa suka riƙa zuwa kallo. Har limaminmu ya zo, ya yi ta subhanallahi, amma daga bakin zaure, ya ce yana gani sarai daga nan.

Da ruwa ya ɗauke aka girbe masara, rinar suka fara raguwa. Malam ya buɗe musu ƙofofi, suka watse a hankali. Ya ciro gidajen uku a tsanake ya jera a faranti a rana, da niyyar kai su makaranta. Muka shiga cin abinci. Muna fitowa muka tarar da akuyar maƙwabta a kan farantin, ta zaɓi mafi kyau, mai launi huɗu, tana taunawa hankali kwance. Malam ya bi ta da gudu har bakin titi da cokali a hannunsa, ya dawo yana haki.

Na ce, "Ka samo?"

Ya buɗe tafin hannunsa, ɗan silin da gidan ke rataye da shi kawai ta bar masa. Sauran biyun ya kai su makaranta washegari, a cikin kwanon sha mai murfi, ya riƙe da hannu biyu.