Lamba Ɗaya a Kujerar Baba

Shekaru sun ja, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, don haka mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Ina jin kamar shekara guda ce bayan an ƙaddamar da shari'a, amma ba zan rantse ba.

Baba ma'aikacin gwamnati ne da aka dawo da shi Dutse daga Kano sa'ad da aka ƙirƙiro jiha. Da ya yi ritaya sai ya sayi wata babbar mota ƙirar Jamus, ta hannu. A jikin ƙofar direba akwai maɓallai masu lamba. Idan mutum ya daidaita kujera ya danna, motar za ta riƙe zamansa. Ɗaya ta Baba ce. Biyu tawa, domin tun da na gama jami'a ni nake kai shi asibiti.

Da ya rasu aka raba gado, yayyena suka ɗauki gonaki, motar ta faɗo hannuna. Inna ta koma Jahun bayan takaba, na saura ni kaɗai a gidanmu na unguwar Yalwawa. Kusan kullum bayan la'asar nakan shiga motar a inda take ajiye, in danna ɗaya. Kujerar ta matso gaba a hankali, ta ɗaga, har gwiwoyina su tokare sitiyari, domin Baba gajere ne. In zauna haka na ɗan lokaci. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Bayan wata damina maɓallan suka mutu. Mai gyaran wayoyin mota ya duba ya ce ko su ne, ko wani baƙin akwati da ke ƙarƙashin kujera, bai tabbata ba. Ya cire duka biyun ya ce in tafi da su Kano a matsayin samfur. Na so in tambaye shi a ina zaman Baba yake ajiye, amma kunya ta hana ni.

A Ƙofar Ruwa na sami wani dattijo mai sayar da kayan mota na hannu. Na fito da takardar da na kwafe lambobin jikinsu, sau biyu, don kada in yi kuskure. Ya yi dariya.

"Malam ɗan boko, nan ba a jarrabawa. Miƙo in gani."

Ya juya su a hannunsa, ya shiga ciki ya fito da irinsu.

"Maɓallan kawai, ko har akwatin?"

"Wanne ya fi, Alhaji?"

"Kai da ka zo daga Dutse? Ɗauki duka, kada in sake ganin wannan fuskar taka ta damuwa."

Na ɗauki duka. Al'adar wurin ita ce a bar musu tsohon idan an karɓi wani, ni kuma ban so in zama mai gardama. Ya jefa nawa cikin wani kwali.

Da aka ɗaura, komai ya yi aiki. Na jira sai da na koma gida, sannan na danna ɗaya. Kujerar ta ja baya, ta yi ta ja, ta sauka ƙasa, har ƙafata ta kasa kai wa birki. Zaman wani dogon mutum ne da ban sani ba, wataƙila Bature, wataƙila shi ma ya mutu. Sai a nan na gane cewa akwatin ne yake riƙe da zaman, kuma mai yiwuwa tsohon da na bari a Kano lafiyarsa lau.

Bayan kwana biyu na koma Kano. Wannan karon na faɗi gaskiya, cewa zaman marigayi Baba yana cikin tsohon akwatin. Dattijon bai yi dariya ba.

"Allah ya jiƙansa. Ai da ka faɗa, ɗana."

Ya jawo kwalin ya zazzage a gabana. Baƙaƙen akwatuna ne da yawa, iri ɗaya, lambar jikinsu ɗaya, wasu an riga an farke su. Ya ce ya kuma sayar da wasu a kwanakin. Na tsuguna ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya har aka kira azahar. Ban gane nawa ba. Ya ba ni uku in gwada, babu na Baba a ciki.

Na sha ƙoƙarin mayar da kujerar yadda take da hannuna. Kullum sai in ji ta yi gaba da yawa, ko bayanta ya miƙe fiye da kima, sai in fasa dannawa. Motar tana nan har yau, lamba ɗaya kuma ta baƙon ce.

Akwai waɗanda Baba ya riƙa ɗauka zuwa Jahun ko masallacin Juma'a a shekarun nan. Idan wani a cikinku ya tuna yadda yake zama, ko yana jingina ne ko yana ranƙwafawa kan sitiyari, ko ya ga na yi kuskure a wani wuri, don Allah ya aiko mini da gyara.