Rumbun da Ba a Share Ba

Yayana bai iya jira ba. Tun muna yara haka yake. In an ɗora ruwan shayi, murfin tukunya ya shiga uku da buɗawa, in Umma ta aike mu kanti kuwa, yana iya zuwa ya dawo ni ina nan ina neman takalmina ɗaya. Shi ya sa ba wanda ya yi mamaki a gidanmu da ya girma ya zaɓi aikin yaƙi da jira. Kun san 'yar da'irar nan da take juyawa a tsakiyar waya idan bidiyo ya tsaya? Ita ya sa a gaba. Ƙuruciyarsa duk a kanta ta ƙare, a wani ɗakin bincike na jami'a, hawa na uku, inda sanyin na'ura yake sa baƙo atishawa.

Ni tela ce, iyakar sanina da kwamfuta shi ne tana da tsada. Amma Yaya ya sha zaunar da ni ya yi min bayani, ina so ko ba na so. A cewarsa, bidiyo ba ya zuwa wayar mutum a dunƙule. Yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, waya tana karɓa tana haɗawa. Asalinsa yana wata babbar kwamfuta can nesa, amma akwai wata ƙarama a kusa da masu kallo, wadda suke kira rumbu. Duk bidiyon da wani ya taɓa nema, rumbun yana ajiye kwafinsa, don mai nema na gaba ya same shi a kusa. Shi Yaya dabara ya ƙirƙiro da waya za ta riƙa hango raunin sabis tun kafin ya zo, ta zaɓi gunduwar da za ta iya ɗauka. Gwaje-gwajensa sun nuna tsayawar bidiyo ta ragu da fiye da rabi. A kan wannan ya rubuta kundin digirinsa na uku, a kansa kuma wani kamfani ya yi masa alkawarin aiki da zarar ya kare kundin a gaban malamai.

Ana saura 'yan kwanaki ya tsaya gabansu na biya ta wurin aikinsa da rana, zan karɓi awon rigar da zai sa, don mutumin ya rame har tsohon awon ya daina amfani. A wayata akwai bidiyon 'yata da na ɗauka da safen, ranar da ta fara takawa. Na nuna masa, ya yi dariya, ya ce in kawo ya ɗora a kan tsarinsa in ga abin da kawunta ya ƙera. Ya tura bidiyon zuwa babbar kwamfutarsu, ya ɗauko wayar gwaji, ya danna yana murmushin mai shirin burge ƙanwa.

Yarinya ta ɗaga ƙafa, bidiyo ya tsaya. Ya ci gaba, ta ajiye ƙafar, ya sake tsayawa. Na fara tsokanarsa, na ce to Injiniya, ko 'yar tawa ce ta fi ƙarfin na'urar? Ya sake tura wani bidiyon daga wayata, na ɗinkin da nake tallatawa, shi ma haka ya yi ta cijewa. Sai ya buɗe ɗaya daga cikin bidiyoyin da suka saba gwaji da su, wannan ya tafi sumul. Na ga gumi a goshinsa cikin wannan sanyin, sai na bar tsokanar.

Abokin aikinsa, wanda kowa ke kira Dogo, ya taso daga teburinsa ya leƙo. Yaya ya tambaye shi da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Dogo, idan muna gwaji, wanne muke fara kunnawa?"

"Tsohon tsari mana, sannan naka. Haka muka saba."

"A tsakaninsu wa yake share rumbu?"

Dogo ya ce ba mai sharewa. Daga baya Yaya ya fahimtar da ni abin da ya faru. Tun daga gwajin farko, tsohon tsarin suke fara kunnawa, shi ya sha wahalar jawo bidiyo daga nesa, ya cika rumbu da shi. Sai a kunna na Yaya, ya tarar da komai a kusa. Kamar ka aiki yaro kasuwa ya kawo kaya ya ajiye a falo, ka aiki na biyu ya ɗauko daga falon, sannan ka yaba wa na biyun ka ce ya fi sauri. Ba wanda ya yi da gangan. Tsari ne da suka rubuta tun farko, kwamfuta tana maimaita shi da kanta, su kuma suna karɓar sakamako suna murna.

A ranar ban sami awon riga ba. Yaya ya share rumbun, ya sake kunna gwajin, muka zauna jugum muna kallon lambobi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ni ban san abin da nake kallo ba sai dai fuskarsa. Kafin la'asar sakamako ya fito. Dabararsa tana aiki, amma ragin da ya yi ta alfahari da shi ya koma ɗan kaɗan, irin wanda sai an ƙura ido ake gani.

Dogo ya ja kujera ya fara lallashi. Ya ce kundin ya riga ya tafi hannun malamai, ba wanda zai tambayi rumbu, kuma lambobin da ke ciki ba ƙirƙirar su aka yi ba, abin da na'ura ta bayar ne. A kare digirin tukuna, gyara ya biyo baya a wata takardar. Ni ma da muka fito na goyi bayan Dogo, har da ɗaga murya a bakin titi. Na tuna masa shekarun da matarsa ta yi tana haƙuri da miji da ba ya gida sai jiki, na tuna masa kamfanin nan ba zai riƙe masa kujera ba. Haushi nake ji sosai, nasa, na Dogo, har da na wayata. Ya bar ni na gama, ya ce min kawai yana ji.

Kwanakin da suka biyo baya gidan Yaya ya zama kamar ana jinya. Matarsa ta ce min ba ya cin abinci, yana zama a bakin gado da safe da takalmi ɗaya a ƙafa har sai ta taɓa shi. Ya je wurin Farfesan da ke duba aikinsa, ya faɗa masa komai. Farfesan ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, sannan ya ce sunansa shi ma yana kan aikin, amma ba zai ce masa yi ko bari ba, kundin nasa ne. Wannan amsar ta ƙara ba ni haushi, don ban ga amfanin babban da zai bar yaro da irin wannan kaya shi kaɗai ba. Umma kuwa ba wanda ya gaya mata komai. Ta sa na gyara mata kayanta mafi kyau, ta ce da ita za a je.

Ranar ta zo. Ɗakin ƙarami ne, dogon tebur, malamai a jere da kwafin kundin a gabansu, mu 'yan kallo a baya. Umma ta ƙi shiga, wai Turancinsu zai sa ta barci, ta zauna a benci a baranda. Rigar Yaya da tsohon awo na ɗinka ta, tana yi masa yawa a kafaɗa. Ya fara bayani tiryan-tiryan, ya kai kan zanen da ke nuna ragin nan na fiye da rabi. Malamai suka gyaɗa kai. Wata malama da aka gayyato daga wata jami'ar, wadda aka ce ba ta da sauƙi, har ta ce aiki ya yi kyau. Ba wanda ya ambaci rumbu. Na matse jakata a cinya ina roƙon Allah ya sa ya wuce shafi na gaba ya rufe bakinsa.

Ya tsaya, ya sha ruwa. Sai ya ce akwai wani zanen da ba ya cikin kundin, ya haska shi a bango kusa da na farko. Ya bayyana yadda suka yi gwajin, da abin da suka manta, da abin da ya fito bayan an share rumbun. Dogo ya sunkuyar da kai. Malamar nan ta ajiye biro ta dube shi.

"Wa ya gano wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Wani ya ce sai ka nuna mana?"

"Babu kowa."

Aka ce mu fita su tattauna. Da suka kira shi, hukuncin bai yi tsawo ba: ba a kore shi ba, ba a kuma ba shi digirin ba. Ya sake gwaje-gwajen duka daga tushe, ya sake rubutu, ya dawo baɗi. Aikin kamfanin ya tafi ke nan, kowa ya sani ba sai an faɗa ba. Yana can har yanzu a hawa na ukun, shi da Dogo, suna sake komai.

A ranar dai, bayan hukuncin, Umma ta miƙe da ta gan mu, tana gyara mayafi, fuskarta cike da fara'a. Yaya ya durƙusa a gabanta ya yi mata bayani a taƙaice. Ta saurara har ya gama.

"Wato da ka yi shiru, da sun ba ka?"

"Da sun ba ni, Umma."

Sai ta miƙa masa jakarta ta ce ya riƙe mata, gwiwarta na ciwo, kuma ya yi gaba ya samo mana mota. Ya karɓa ya sauka. Ni na riƙo hannunta muna bin matakala a hankali. Da muka kai kwanar hawa na biyu na hango shi a ƙasa, ya jingina goshinsa da bango, ya rungume jakar a ƙirji, kafaɗunsa suna girgiza. Umma ma ta gan shi. Ta matse hannuna, ta ja ni baya, muka tsaya a inda ba zai gan mu ba har ya gama.